Rabin Saƙon Baffa Bawa

Ranar kasuwa ce a Sabon Birni. Ikilima ta tashi daga firamaren da take koyarwa, ta biya rumfar babanta Alhaji Wada mai hatsi, ta tarar da shi yana jujjuya wayarsa yana tsaki. Ya nuna mata gindin wata darbejiya inda manoma suka yi dafifi. Ya ce wai wani yaro ne ɗan garin Isa yake sa wa mutane wani abu a waya, mai kawo farashin gero da dawa ko da sabis ya yi rauni. Ta je ta gani, in na 'yan damfara ne ta dawo masa da wayarsa lafiya.

Duk garin an san Alhaji Wada da zargi. Buhun da ya ɗinke da hannunsa ma, in ya kwana a rumfa, sai ya kwance ya duba. Ikilima kuwa ta gado shi kaf, har da yadda yake kanne ido in ana masa bayani.

Ta sami saurayin zaune a kan benci, siriri dogo, da tabarau, da kwamfuta a cinya. Sunansa Hafizullahi. Da layi ya zo kanta ba ta miƙa wayar ba, tambaya ta shiga jero masa. Me zai ɗauka a cikin wayar? Wa ya aiko shi? Shi me zai samu?

Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, bai gaji ba. Ya ce ƙungiyar manoma ce ta sa shi, manhajar kuma shi ya haɗa ta bayan ya gama karatun kwamfuta a Sakkwato. Sunanta Ɗan Aike. Ba ta ɗaukar hotuna da tallace-tallace, rubutu ne da murya kawai, kuma ta wata hanya marar nauyi take bi, shi ya sa take ratsawa inda sauran suke maƙalewa.

Ta ce to a fara sa mata a tata wayar, in kwana uku ya wuce ba ta fashe ba, sai a sa wa Baba.

Ya ɗago ya dube ta sosai a karo na farko.

"Ranki shi daɗe, Sufeto. In an ƙare tuhuma, a ba ni wayar."

Ta ɗaure fuska don kada murmushi ya kufce mata, amma ya riga ya gani. Washegari da la'asar saƙo ya shigo ta Ɗan Aike.

"Sufeto, barka da yamma. Wanda anka tuhuma gindin darbejiya na. Ina son in san ko an sallame ni, ko har yanzu ina tsare."

Ta karanta ya fi sau goma. Sai bayan kwana biyu ta amsa masa da kalma uku: "Ana kan bincike."

Binciken nan ya ci wata bakwai, kuma a cikinsa ne Ikilima ta faɗa son Hafizullahi har wuya. Duk ranar kasuwa yana zuwa daga Isa in hanya ta yi kyau, ya tsaya a ƙofar gida su yi hira kafin magariba. Ranar da hanya ba ta da kyau sai saƙonni. Yakan ce mata Hasken Raina, ita kuma ta ce masa Injiniya, ko Injiniyana in ya yi abin kirki. Wata rana ya rubuto mata: "Yau na hau itace na ga har gulbi, na ce da Ikilima na nan da na nuna mata inda za mu kai yara wanka." Ta amsa: "Ka sauko tukuna, ba ni son mijin da ya karye."

Da magabatansa suka zo neman izini, Alhaji Wada ya karɓe su da mutunci, amma bai ba su amsa ba. Shi Talha yake so, ɗan maƙwabcinsa na kasuwa, wanda ya san ubansa da kakansa da gonar da suke nomawa. Bai ce zai yi mata dole ba. Ya dai ce shi ba ya ba da ɗiya ga wanda bai san abin da yake ci ba, kuma sana'ar da ba a ganin kayanta a buhu bai gane mata ba. Matarsa Inna Fadima ta lallaba shi har ya yarda a yi bincike irin na al'ada, a tura babba ya ji asalin yaro da halinsa a garinsu.

Wansa ya tura, Baffa Bawa, ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar. Baffa Bawa ya yi kwana uku a Isa yana shan shayi a majalisu yana tsintar magana. Da ya gama, motar kayansa ta riga ta shirya, sai ya ɗauki bayanin da murya a tasha, ya turo ta Ɗan Aike, don ita kaɗai ke wucewa a lokacin. Daga nan ya tsallaka iyaka ya yi arewa, inda wayarsa ba za ta sake shiga ba sai bayan mako uku.

Da hantsi saƙon ya sauka. Alhaji ya kira Inna Fadima tsakar gida, Ikilima kuma ta laɓe a bakin ɗaki.

"Wada, ka aike ni, na tahi," in ji muryar Baffa Bawa. Ya yi bayanin dangin yaron, ya ce mutanen kirki ne. Sai ya gyara murya. "Amma abin da nij ji za ni hwaɗa ma, ba ragi. Mutum huɗu sun ce mani wanga yaro shina shiga daji wajen Kamarawa da na'urori, kuma ba a taɓa tare shi ba. Sun ce shina hawa itace shina ɗaura ƙarahe. Sun ce shi ka ba mutanen daji labari. Guda daga cikinsu har rantsuwa yai mani."

Nan muryar ta tsaya. Wayar ta nuna alamar an gama, kamar kullum.

Wanda bai zauna a wannan yanki ba ba zai san nauyin maganar nan ba. A nan, in aka ce wa mutum infoma, wato mai kai wa 'yan bindigar daji labari, sau da yawa ba a jira alƙali. Alhaji Wada ya tashi, ya ce kada ya sake jin sunan yaron a gidansa.

Da a nan ya tsaya da da sauƙi. Washegari a rumfa ya faɗa wa abokansa biyu, ya ce sirri ne. Su ma kowa ya faɗa wa nasa biyun da sunan sirri. Kafin Juma'a, mutanen gidan su Talha suna ta yi wa Alhaji barka da Allah ya tsare shi, 'yan sa-kai kuma sun fara tambayar ranar da ɗan Isa mai tabarau yake shigowa gari.

Ikilima ta so ta ce ƙarya ne, amma jinin ubanta bai bar ta ba. Ta zauna tana tuno abubuwa. Ai shi da kansa ya ce mata ya hau itace. Ai ya sha cewa yana Kamarawa, bai taɓa faɗa mata me ya kai shi ba, ita ma ba ta tambaya ba. To me ya sa hanyar da ke cin mutane ba ta taɓa cin sa ba? Tana son sa, kuma tana tsoron sa, duka biyun suka hana ta cin abinci.

Saƙonninsa suka riƙa shigowa ba amsa.

"Hasken Raina, kwana huɗu shiru. In laihi nay yi, a karanta mani takardar tuhuma."

"Ikilima, na ji abin da aka hwaɗi a kaina. Ban damu da kasuwa ba. Ke nika son in ji."

Ta kife wayar ta yi kuka mai isarta.

Ran kwana na shida, Alhaji ya tafi masallaci ya bar wayarsa a kan tabarma. Ikilima ta ɗauka ta sake kunna saƙon, ko za ta ji wani abin da zai raba mata gardama. Inna Fadima tana tsince shinkafa a gefe. Da muryar ta tsaya, Inna ta taɓe baki. Ta ce ita abin da ya fi ba ta haushi ma, shekara talatin tana gidan nan, Yaya Bawa bai taɓa rufe magana bai ce a gaida Fadima da ɗiya ba, bai yi salati ba. Ko saƙon ta'aziyya ya turo sai ya yi. Amma yau ya jefo musu wuta ya yi gaba abinsa, ko sallama babu.

Ikilima ta mayar da wayar babanta kan tabarma. Sannan ta shiga ɗaki ta rubuta wa Hafizullahi tambaya ɗaya, ba gaisuwa, ba Injiniya.

"Saƙo na iya zowa rabi, waya ta nuna ya cika?"

Da amsar ta zo, doguwa ce. Ya ce yana iyawa, kuma laifinsa ne. Manyan hanyoyin intanet sukan fara faɗin girman abin da za su turo, waya ta san in ya gaza. Hanyar da Ɗan Aike ke bi, don ta yi sauƙi, ba ta faɗin girma. Layi ɗaya take turowa ta ce ga murya, sai ta zubo, in ta gama ta rufe ƙofa. To in sabis ya ɗauke ana tsaka, ita ma ƙofar rufuwa take yi, waya kuma ta ɗauka an gama. Ya ce akwai wata 'yar alama da na'urar aikawa ke turowa a ƙarshe, kamar baƙon da zai tashi ya ce sai an jima. Ya kamata manhajarsa ta jira wannan sallamar kafin ta ce saƙo ya cika, shi kuwa bai sa ta jira ba, don farashin hatsi layi uku ne, bai taɓa yankewa ba.

Sai wani saƙon ya biyo baya.

"Na duba rajistar na'ura. Abin da Baffa yat turo ya kai minti tara. Abin da yas sauka wayar Alhaji bai kai huɗu ba. Ban saurara ba, kuma ba ni saurare, amanar Alhaji ta."

Ta rubuta: "In sauran ya hi wanda munka ji muni hwa?"

"To ku ji shi dut. In za a yanke mani hukunci, a yanke da cikon magana."

Zuciyarta ta yi sanyi, amma ba ta kwanta ba. Mutumin da na'ura ke hannunsa ai zai iya ƙara abin da ya ga dama a cikinta. Wannan tunanin ta yi, kuma shi ne ainihin abin da Alhaji ya faɗa lokacin da ta durƙusa gabansa a zaure ta faɗa masa rabin saƙon kawai suka ji. Ya ƙara da cewa ya ji a rediyo yanzu na'ura tana kwaikwayon muryar mutum har uwarsa ta kasa ganewa. Ta ce ita ma ta yi wannan zargin, shi ya sa take so a gwada a gabansa, yadda shi ya tsara, ba yadda Hafizullahi ya tsara ba. In ya faɗi, ita da bakinta za ta sallame shi.

Kalmar gwaji ita ta kama Alhaji. Ya aika a ce yaron ya zo da rana tsaka, ya shigo ta ƙofar baya.

Hafizullahi ya zo ya rame, ya durƙusa can bakin zaure. Alhaji bai amsa gaisuwarsa da kyau ba, bai kuma bar shi ya taɓa waya ko ɗaya ba. Ya sa aka kawo babbar tukunyar ƙarfe ta biki da murfinta. Ya ɗauki muryarsa yana lissafa sunayen kakanninsa har bakwai, ya tura wa Ikilima. Saƙon ya fara sauka a hankali yadda sabis ɗin garin ya saba. Ana tsaka, ya fizge wayarta ya jefa a tukunya ya danne murfi, don ya daɗe da lura cewa ƙarfe yana kashe sabis.

Da aka buɗe, wayar ta nuna saƙo ya cika. Aka kunna, muryar Alhaji ta tsaya a kaka na uku.

Alhaji ya kanne ido. Hafizullahi ya riga ya gyara manhajar ta riƙa jiran sallama, sai Ikilima ta sauke gyararriyar da hannunta, aka sake gwadawa, tukunya da murfi da komai. Wannan karon jan rubutu ya fito: "Saƙo bai cika ba. An katse kafin sallama." Sai da Alhaji ya maimaita sau uku, har Inna Fadima ta aiko a tambaya ko za a dawo mata da tukunyarta.

Sannan aka sa gyaran a wayarsa, aka nemi saƙon Baffa Bawa daga farko. Sau biyu jan rubutu yana fitowa. A na uku ya sauka duka. Hafizullahi ya miƙe ya ce zai jira a waje, maganar ba tasa ba ce.

"Zamna," in ji Alhaji. "Huskarka nika son kallo."

Ikilima tana bayan labule, ta dafe ƙirji. Muryar ta bi inda suka sani, ta zo kan mai rantsuwa, ta wuce.

"Shi mai rantsuwar na bi shi," in ji Baffa Bawa. "Ashe ya nemi ƙungiya ta ba shi aikin ga, anka ba yaron. Sauran ukkun gare shi sunka ji. Na tahi Kamarawa da ƙahwata. Ƙarhen na gan shi bisa tsamiya, shi ka jawo musu sabis, kuma dattawan gari sunka ce a ɗaura. Su ka raka shi su maido shi, shi ya sa ba a tare shi. Wanga yaro ba infoma ba na."

Ikilima ta zame ta zauna a ƙasa. Amma Baffa bai gama ba.

"Yanzu ga aibin shi, tunda aure na. Bai iya noma ba, an ba shi kunya biyar a gona ya ɓata ukku. Tsoron kare gare shi awa mace. Kuma ya taɓa neman wata yarinya Unguwar Lalle ta ƙi shi, an ce wata guda yai shina kuka."

Hafizullahi ya sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa fuskarsa. A bayan labule Ikilima ta daina hawaye ta buɗe ido, don wannan labarin ba ta taɓa jin sa ba.

"Kai kuma Wada, na san ka. Tun muna yara ba ka bari a ƙare magana. Ka tuna ran da kac ce na sace ma zabuwa, ka kai ƙara ga Baba anka buge ni, ashe tana kwance bisa ƙwai cikin gamba? Kada ka kai maganar ga kasuwa. A gaida Fadima da ɗiya." Ya yi salati, ya yi addu'a, saƙon ya ƙare.

Labarin zabuwar nan ya fi shekara hamsin, kuma duk wanda ya san shi ya rasu sai su biyu. Alhaji ya ce, kamar da kansa yake magana, wanda zai ƙirƙiri shaida don ya sami mata ba zai sa kukan Unguwar Lalle a ciki ba. Sai ya dubi saurayin, idonsa ya kaɗa.

"Na riga na kai ta kasuwa, ɗana. Na kai sunanka inda ba ni iya ɗauko shi."

A ranar ya taka har wurin shugaban 'yan sa-kai ya kunna masa saƙon. Ya bi abokansa biyu, ya bi maƙwabcinsa uban Talha ya ba shi haƙuri a kan maganar aure. Duk da haka maganar ta riga ta bazu. Har bayan Baffa Bawa ya dawo ya tabbatar da komai da bakinsa, in Hafizullahi ya ratsa kasuwa akwai masu yin shiru su bi shi da ido. Ikilima tana ganin haka, kuma duk ranar da zai zo ba ta samun natsuwa sai ya turo cewa ya isa gida.

Ita ma ta nemi yafiyarsa. Ta rubuta: "Injiniyana, na zarge ka kwana shida. Ka yahe mani." Ya amsa: "Ni na bar ƙohwa buɗe, Hasken Raina. Mun yahe ma juna." Ta ce ban da maganar Unguwar Lalle, wannan sai sun zauna.

Bayan an kai amfanin gona gida aka sa rana. Ranar Asabar da hantsi masallacin unguwa ya cika, mutanen Isa mota biyu, dattawan Kamarawa ma sun zo. Ikilima tana ɗaki cikin ƙawaye, hannuwa da ƙafafu sun sha lalle, tana jiran a ce an ɗaura. Sai ta ji muryar babanta a lasifika, ya roƙi liman ya ba shi minti goma kafin a fara.

Ya kanga wayarsa a bakin lasifikar ya kunna saƙon Baffa Bawa tun daga farko. Unguwa ta yi tsit a wurin zargi. Da aka zo kan kare aka yi dariya. Ikilima ta tabbata zai kashe kafin a kai kan zabuwa, don ta san babanta da son girma. Bai kashe ba. Ya tsaya a gaban abokan kasuwarsa da surukansa, wansa yana yi masa faɗa a lasifika, jama'a suna dariya, har aka kai ga salati.

"Jama'a, kun ji dut," in ji shi. "Ni nij ji rabi na kai kasuwa, na kusa sa a kashe ɗan mutane. Wanda yaj ji waccan daga bakina, ga wagga daga bakina. Shi nika ba ɗiyata yau, kuma wanda yat taɓa shi ni yat taɓa."

Ikilima ta kifa kai a cinyar Inna Fadima tana kuka, kukan daɗi da na tausayin tsohon nan da bai taɓa cewa ya yi kuskure ba sai yau. Daga masallaci aka ji liman ya ɗaura auren Hafizullahi da Ikilima, aka shafa fatiha, mata suka rangaɗa guɗa.

Inna ta ɗago fuskarta ta share mata hawaye da gefen mayafi. Ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya tsare mata mijinta a hanyar Isa, tafiya da dawowa, ya kuma tsare shi daga bakin mutane. Ɗakin gaba ɗaya aka amsa da amin.